Tambaya da Amsa: Wai da gaske akwai ƙwayoyin da ke cinye ɗanyen mai?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni manomi ne a Alkaleri, tun da Buhari ya zo ya ƙaddamar da haƙar man Kolmani a Nuwamban 2022 hankalina bai kwanta ba saboda abin da muke ji ya faru da gonakin Neja Delta. Yarona da ke karatu a jami'ar ATBU ya ce wai akwai bakteriya masu yin sabulu su wanke mai daga ƙasa, ni dai na ɗauka zolaya ce. Da gaske ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba. Yaron nan bai zolaye ka ba. Ka duba kwanon da aka ci miyar manja, ko bokiti guda na ruwa ka juye masa maiƙon na nan ɗamfare, amma da an ɗan barbaɗa omo sai ka ga ya tsinke ya bi ruwa, dalili kuwa ƙwayar sabulu baki biyu gare ta, ɗaya na kama mai ɗaya na kama ruwa. To wasu bakteriya na cikin ƙasa su ma suna fitar da irin wannan sinadarin, Pseudomonas aeruginosa na yin wanda ake kira rhamnolipid, Bacillus subtilis kuma surfactin. Ba taimakonmu suke yi ba fa, cikinsu suke wa aiki, man nan shi ne tuwonsu kuma sai sun farfasa shi ƙanana-ƙanana kafin ya ciyu. Kyansa shi ne wannan sabulun yana ruɓewa da kansa, kuma bai kai na kamfani guba ba.

Da jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a Alaska a 1989, taki aka riƙa watsawa a bakin teku don ƙwayoyin su hayayyafa, saboda mai ba shi da sinadaran da taki ke bayarwa. Shi ya sa a gonar da mai ya ɓata ake haɗawa da kashin kaji, a riƙa juya ƙasa da fartanya ta sha iska, a yayyafa ruwa.

Sai dai aikin ƙwayoyin nan yana ɗaukar lokaci wallahi, kuma ɓangaren man da ya yi kauri kamar kwalta da ƙyar suke taɓa shi. Rahoton UNEP, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 cewa ya yi gyaran ƙasar Ogoni da mai ya ɓata a Neja Delta zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Saboda haka in ka taɓa ganin mai a gonarka kar ka cinna masa wuta, kar kuma ka ce bari ka zuba omo, cikin ƙasa zai tura shi har ya iske rijiya. Ka ɗau hoto, ku je wajen hakimi, a kai ƙara NOSDRA, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da malalar mai.