Kwamfutar hannu ko mai lesin: wanne zan ɗaukar wa ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana sakandare, an fara koya musu matsar da ɗigo da siffofi a kan giraf, abin ya ƙi shiga kansa. Wasu sun ce in saya masa kwamfutar hannu, wasu sun ce in nemi mai lesin. Kuɗina ba za su kai duka biyun ba. Wanne ya fi? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Ki saya masa littafin lissafi mai manyan gidaje, da fensir da rula. Kada ki fara da littafin giraf mai gidaje 'yan milimita 2, domin idon mai koyo ɓacewa yake a cikinsu.

Ya ja layin kwance, wato x, da na tsaye, wato y. Ki yanko alwatika daga kwalin sukari, ya aza kusurwoyinta a (1, 2), (4, 2) da (1, 5). Lambar farko ita ce yawan taki a layin x, ta biyu kuma a layin y, daga inda layukan suka haɗu; kowane gida taki ɗaya ne. Ki ce ya tura ta taki 3 dama, taki 2 ƙasa, ba juyawa, ba kifewa. Za ta sauka a (4, 0), (7, 0) da (4, 3). Kada ki faɗa masa ƙa'idar, don Allah. Ki jera masa tsoffin lambobin kusa da sababbin, ki tambaye shi me ya gani. Da bakinsa zai ce an ƙara 3 a kan lambar farko, an ɗebe 2 daga ta biyu, a kowace kusurwa.

Ki sa ido a kan yatsansa lokacin ƙirge. Yara da yawa sukan kira inda suka tashi "ɗaya", sai amsa ta gaza da taki guda. Ki tuna masa dara: sai ɗa ya bar gurbinsa ake cewa ya yi tafiya.

Idan yana son gani a allo, manhajar GeoGebra kyauta ce, wayarki ma ta isa.

Mai lesin kuwa, ga yadda za ki gane ko ana bukatarsa: ki ce ya matsar da (2, 1) taki 5 hagu. Idan ya kasa isa (-3, 1), matsalar ta lambobin ƙasa da sifili ce. Wannan za ki ce wa malamin ya gyara.