Yadda za ka tsare kekenka daga ɓarayi

Ɗan'uwa, ka ce an cire maka sirdi da fitila a bakin kasuwa, kana tsoron wata rana a ɗauke keken gaba ɗaya. Allah ya mayar maka da alheri. Ni ma an taɓa bar mini tayar gaba kaɗai a jikin turke, domin ita kawai na ɗaure.

Don haka ka samu sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau. Ka zura ta cikin firam da tayar baya, sannan ka zagaya ƙarfen da ke kafe a ƙasa. Wannan ɗan makullin da ke kama tayar baya hana hawa kawai yake yi, ɓarawo sai ya saɓa keken a kafaɗa ya wuce. Kada kuma kwaɗon ya kwanta ƙasa, nan ake samun damar dukansa da guduma.

Sirdi da taya, in masu kwancewa da hannu ne, kai wa mai gyaran keke ya sa noti. Fitila da famfo kuwa, jefa su a jaka.

Yau ɗin nan ka kifa keken, yawanci lambarsa tana ƙarƙashin inda feda take. Ka ɗauke ta a hoto, ka adana rasit. In an sace, da su za ka je wurin 'yan sanda.