Takardar Auren Kakannina Ta Jefa Ni Cikin Zullumi

Tambaya: Malam, ina tattara tarihin danginmu, sai na ci karo da tsohuwar takardar shaidar auren kakannina. Da na gwada kwanan watan da ke jikinta da ranar haihuwar mahaifina, na ga tazarar wata huɗu ce kacal. Dukansu sun rasu. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, amma akwai gadon da ba a raba ba tsakaninmu da 'yan ubansa. Mene ne hukuncin nasabarsa? Wani ya taɓa ce min tonon asali ilimi ne marar amfani, in bari.

Amsa: Bismillah, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka kama bakinka. Ci gaba da kama shi.

Cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne, malamai sun haɗu a kai. Amma daga ɗaurin aure ake ƙirgawa, a wajen mafi yawan malamai ma daga lokacin da saduwa za ta yiwu. Kai kuma ba ka gaya min kwanan watan nan na mene ne ba. Na ranar da waliyyi da shaidu suka zauna ne, ko na ranar da aka je aka yi rajista? Hukuncin a nan ya rataya. Mutane da yawa ba sa neman takarda sai bukatar tafiya ko aiki ta taso, wani lokaci har an haifi 'ya'ya. Yana yiwuwa kuma takardar kome ce, an rabu aka sake ɗaurawa. Ga kuskuren magatakarda wajen juya kwanan Hijira zuwa Miladiyya, ga ranar haihuwar da a da kintata ta ake yi. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya rushe lissafinka.

Don haka nasabar mahaifinka tana nan daram. Kakanka ya raɗa masa suna, ya rene shi, bai yi li'ani (rantsuwar da miji ke yi don kore ɗa) ba har ya koma ga Allah, jama'a kuma da shi suka san shi. Ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin uwarsa ko ubangidanta, kamar yadda Annabi (SAW) ya hukunta a shari'ar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a, alhali ya ga yaron da suke jayayya a kansa ya yi kama ƙarara da Utba, ɗan'uwan Sa'adu da ya yi da'awar ɗansa ne. Gadonsa yana nan.

Maganar wanda ya ce ka bari kuwa, ban yarda da ita ba. Abin da suke kafa hujja da shi, wai nasaba ilimi ne da ba ya amfani kuma jahiltarsa ba ta cutarwa, bai inganta daga Annabi (SAW) ba, Ibnu Hazmi ya yi masa raddi a farkon littafinsa Jamharatu Ansabil Arab. Ta yaya zai zama marar amfani alhali da shi ake sanin muharrama, da magaji, da waliyyin aure, da dangin da diyya ke hawa kansu? Tirmizi ya ruwaito umarnin a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Sayyidina Abubakar shi ne masanin nasabar Ƙuraishawa, wajensa Annabi (SAW) ya tura Hassanu ɗan Sabit kafin Hassanu ya mayar musu da martani da waƙa. Sayyidina Umar kuma bisa ƙabilu ya tsara diwani, wato rajistar masu karɓar rabo daga baitulmali. Abin zargi shi ne alfahari da asali da sukar na wani, wanda Muslim ya ruwaito yana cikin halayen jahiliyya.

Na lura ka haɗa maganar da gado, wannan ya fi takardar damuna. Kada ka ɗora hotonta a zauren dangi na WhatsApp, don duk wanda ya gani ya furta wa kakarka kalmar zina ya yi ƙazafi, haddinsa bulala 80, mutuwarta ba ta halatta mutuncinta ba. In za ka tambayi tsofaffi, tambaye su labarin bikin kawai, ba tare da bayyana dalili ba. A littafinka rubuta "ranar da ke jikin takarda", ka tsaya nan. Sannan ku gaggauta raba gadon nan, jinkirin ya isa haka.

Wallahu a'alam.