Yadda za a tsara ciyar da ƙadangare mai gemu

Malam, ka ce ƙadangarenka mai gemu, irin na ƙasar Ostareliya, ya kai wata biyar, kuma kana son sanin yadda za ka raba masa abinci tsakanin ƙwari da ganye.

Shekarunsa ne ke yanke wannan hukunci. Muddin yana girma, kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na abincinsa ƙwari ne, kamar gyare da fara, sau biyu a rana, kuma kada girman ƙwaro ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa. Duk da haka, ka riƙa ajiye masa yankakken ganye kowace safiya ko da ya yi biris da shi, domin wanda bai saba da ganye tun yana ƙarami ba, da wuya ya karɓe shi daga baya. Idan ya haura shekara ɗaya da rabi, sai lissafin ya juya: ganye da kabewa kullum, ƙwari sau biyu ko uku a mako.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Ka barbaɗa garinsa a kan ƙwarin, amma ba zai amfane shi ba sai da fitila mai fitar da UVB (wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani) ko hasken rana kai tsaye, domin gilashin taga yana tare hasken UVB ɗin. Ka rage alayyafo, ka guji ƙwarin gonar da aka yi wa feshi, kuma ƙwaron nan mai walƙiya da daddare guba ne a gare shi.

Idan ka ga muƙamuƙinsa ya yi laushi ko ƙafafunsa suna karkarwa, ka kai shi wurin likitan dabbobi nan take.