Amsa ga mai son ƙera Titanic da katako

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son ƙera ƙaramin Titanic da katako, ka tara hotuna sun fi hamsin a waya, kana tambayar wane katako za ka saya, kuma yaya za a yi ya fito sak. Zan zo kan katako, amma bari in fara da hotunan nan, don su suka kayar da ni.

Titanic yana da yaya, sunansa Olympic. Kamfanin Harland & Wolff ne ya ƙera su duka a Belfast, kuma kamar an tsaga kara. Olympic ya yi aiki daga 1911 har 1935, Titanic kuwa a tafiyarsa ta farko ya nutse, cikin Afrilun 1912. Shi ya sa hotunan yayan suka fi yawa nesa ba kusa ba, kuma da dama a intanet an liƙa musu sunan ƙanen. Ni wata bakwai na kwashe a kan nawa, kullum bayan isha'i. Ranar da fenti ya bushe na ɗora hotonsa ina jiran yabo, sai wani ya rubuto mini: "Olympic ɗinka ya yi kyau." Sai da na kwana biyu ban shiga ɗakin ba.

To ga inda za ka duba. Benen da ke ƙarƙashin wanda ake ajiye kwale-kwalen ceto, a Titanic rabinsa na gaba rufe yake da tagogin gilashi, a Olympic kuwa buɗe yake daga gaba har baya. Sannan ka ƙirga kwale-kwalen. Titanic 20 ya ɗauka, 16 na katako, 4 masu naɗewa. In ka ga hoto an jera su reras sun cika gefen bene, wannan Olympic ne bayan an ƙara masa saboda abin da ya faru da ƙanensa. Wani abu kuma, in za ka sa auduga a matsayin hayaki, bututu uku na gaba kawai za ka sa wa. Bututu na huɗu ba ya haɗe da tukwanen injin, iska yake fitarwa da hayaƙin kicin.

Kafin zarto ya taɓa katako ka tsayar da ma'auni. Tsawon jirgin kusan mita 269 ne, faɗinsa mita 28. In ka raba komai da 350, zai ba ka santimita 77 a tsawo, 8 a faɗi. In da 200 ne, ya haura mita ɗaya da santimita 30, sai ka fara shawara da uwargida kan inda za a ajiye shi. Na 200 ya fi daɗin aiki, don tagogi da ƙarafan gefe suna kamuwa a hannu. Wanda duk ka zaɓa, kada ka sake ka auna komai da ido.

Katako kuwa, obeche nake saye a Kasuwar Katako nan Jos. Ba nauyi, wuƙa tana cinsa, samfefa ma haka. Sai dai kada ka saya yau ka fara gobe. Ka jingine shi a ɗaki ya yi wata guda ko fiye. Na taɓa haɗa gangar jirgi da damina, hunturu na shigowa ta tsage daga hanci har tsakiya, har ƙarar na ji cikin dare. Tun daga nan falle-falle nake yankawa, in rarake cikin kowane falle, in jera su da farin gam na kafintoci, in ɗaure su kwana biyu, sannan in sassaƙa. Gangar da cikinta yake rarake ba ta cika tsagewa ba.

Fenti kada ya zama mai sheƙi, yana mayar da jirgi kamar abin wasan yara. Ƙasa ja, jiki baƙi, benaye farare, bututu kalar shayi mai madara da ɗan rawaya, bakinsu baƙi. Igiyoyin da ke riƙe bututun kuma zaren ɗinki mafi siriri ya isa, ka ja shi a kan kakin zuma gashinsa ya kwanta.

Ka turo hotunan naka nan, goma-goma, mu tace su tare. Ina kyautata zaton rabi na yayan ne.