Aikin dare ya hana ni barci, shin in sha ƙwaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Nas ce ni a nan Sakkwato. Da dare mu biyu ke riƙe da ɗakin majinyata gaba ɗaya. Wata uku ke nan barci ya ƙaurace mini, ina yi wa marasa lafiya tsawa, shekaranjiya saura ƙiris in maimaita wa wani yaro allura. Abokiyar aikina ta ce in riƙa shan diazepam in na sauka, tramadol in zan hau. Wallahi ina tsoron kada in kashe ɗan wani.

Amsa: Wa alaikumus salam Sista. Abin da ke damunki ba lalaci ba ne, shi ne ake kira "burnout" a Turance, wato matsananciyar gajiyar aiki. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, ƙosawa da aikin, da raguwar ƙwazo. Duka ukun suna cikin wasiƙarki.

Shawarar abokiyar aikinki kuwa, don Allah ki yi nesa da ita. Maganar nan ta "ai mu ma'aikatan lafiya ne, mun san ƙa'idar magani" ta ishe ni, domin ta nakasa mutane masu ilimi. Diazepam, maganin sa barci, yakan yi kwanaki bai gama fita daga jiki ba. Wanda kika sha da hantsi yana nan tare da ke ƙarfe biyun dare, kina lissafin maganin yaro. Cikin 'yan makonni jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa. Tramadol yana jawo farfaɗiya, haɗa shi da diazepam kuma yana danne numfashi. Daga nan wasu ke zarcewa allurar kashe zafin ciwo ta pentazocine a cinya, naman ya sandare kamar itace, gyambo ya ƙi warkewa. Takardar shaidar karatu ba ta hana jiki kamuwa. Wadda ta riga ta saba da diazepam kada ta yanke shi rana ɗaya, jijjiga na iya biyo baya. Ta je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a rage mata a hankali, ta bar jin kunyar surutun mutane.

Ke kuma, ki rubuta wa Matron takarda, ki faɗi abin da ya kusa faruwa, ki nemi a rage miki darare a jere, a ba ki hutunki na shekara. Ku yi karɓa-karɓar gyangyaɗin minti 20 da dare. Ki bar kofi, shayi da goro awa shida kafin kwanciya, ki duhunta ɗaki, ki kashe waya. Lokacin bazara, da zafin garin nan ke haura digiri 40, gorar ruwa ta zauna kusa da ke. Kowace allura ki rubuta nan take, maganin yara kuma ku duba ku biyu. A auna miki hawan jini, sukari da yawan jini. In har tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, yau ɗin nan ki ga likita.