Amsa: me ya sa ja bai fito a hoton Orion ba?

Malam, ka ce ka ɗauki hoton gajimaren Orion, wato tarin iska da ƙura da ke can cikin taurari wanda ake kira M42, amma jan bai fito ba. Ba laifinka ba ne, iskar haidirojin da ke cikinsa ce ke fitar da jan haske mai tsawon zango nanomita 656 (ma'aunin da ke nuna launin haske), ita kuma kyamarar DSLR (irin wadda ake canza wa lens) akwai matata a gaban sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske, da ke tare yawancinsa. Wasu cire ta suke yi, ni dai ban ba ka shawara ba tukuna. Ka ɗora kyamarar kan tirefod, wato mariƙi mai ƙafa uku, ka ɗauki hotuna da yawa na sakan 2, in ka daɗe da yawa taurari su ja layi saboda juyawar duniya, sai ka haɗa hotunan su zama ɗaya a manhajar Siril ko DeepSkyStacker, kyauta ne. Kuma ka fita bayan gari daren da babu wata, sannan ka guji hazon hunturu don shi ke cinye hoto.